Akuya ta ci dusa, mu mun ci fari

Filin Lafiya Uwar Jiki, daga Omdurman

Da fatan kasuwa tana ci, yara suna lafiya, kuma waɗanda suka komo Hartum da Omdurman bayan gudun hijira sun tarar da ɗan abin da za su tattara su tayar da gida. Allah ya mayar da alheri, ya zaunar mana da ƙasar nan lafiya.

Maganar yau daga tsakar gidanmu ta taso. Ƙanin maigidana, wanda kafin yaƙi yake da shagon yadi a Suk Libya, yanzu kuma yake kasa kaya a kasuwar Sabrin, ya yi wata da watanni yana fama da ciki. Sai ya yi kwana uku, wani lokaci huɗu, bai zaga ba. In ya zaga kuma sai da nishi. Ciki ya kumbura, ga kasala, ga saurin fushi. In ka tambaye shi sai ya ce musran ne. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san wannan kalma, don kusan kowane gida akwai mai kukan musran. Ya sha na kemis, ya sha na gargajiya, in ya samu sauƙin kwana biyu sai abin ya dawo.

Wata Juma'a da yamma ya zo gaishe da Inna, surukata, wadda ta tashi a Mai Wurno can wajen Sinnar. Ta dube shi yana shafa ciki, ta ce, "Kai yaron nan, faɗa mini abin da ka ci tun jiya."

Ya fara lissafi. Da asuba shayi da madara da ligemat wajen mai shayi. Da hantsi bosh, wato burodi a gutsuttsura a ruwan ful a zuba mai. Da rana lemon kwalba da biskit, don ba ya iya barin kaya. Da dare agashe da burodi, ko taliyar leda in ya gaji.

Inna ta yi shiru. Can sai ta nuna akuyar da ke ɗaure a gindin dalbejiya tana cin dusar da na zuba mata, ta ce, "Ka taɓa jin waccan ta yi kukan musran?"

Muka kwashe da dariya. Ya ce, "Haba Inna, yanzu da akuya za ki haɗa ni?"

Ta ce, "Ba haɗa ku na yi ba. Ita ta ci dusa, ku kun ci fari. Kowa ya ga abin da ya samu."

Dariya na yi a lokacin, amma da na kwanta sai maganar ta tsaya mini a rai, don abin da malamanmu suka koya mana ke nan a Jami'ar Ahfad, da dogon Turanci da zane a allo. Inna ta taƙaice shi a jimla biyu.

Baƙin da ke zaune a hanji

A cikin babban hanjin kowane ɗan Adam akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Mun saba jin sunan nan wajen maganar cuta, amma mafi yawan na cikin hanji ba masu cuta ba ne, maƙwabta ne masu amfani. Wani lissafi da masana suka fitar a 2016 ya ce yawansu a jikin baligi ya kai wajen tiriliyan 38, kusan daidai da yawan ƙwayoyin jikinsa shi kansa.

To me suke ci? In ka ci tuwo, tumbi da ƙaramin hanji su ke narkar da sitaci da mai da nama, jini ya kwashe. Akwai wani kaso na abincin da ya fito daga tsiro wanda jikinmu ba shi da makamin narkar da shi. Shi likitoci ke kira faiba, mu kuma mu ce harza: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye, yauƙin kuɓewa, garin kuka. Wannan kaso yakan wuce salin alin har babban hanji, a can baƙin nan suke jiransa.

Abin da suke yi da shi, duk matar da ta taɓa kwaɓa ƙullun kisra ko na koko ta san shi: tsima shi suke yi. Yadda ƙullu ke kwana ya tashi ya yi tsami, haka harza ke tsimuwa a hanji. Daga wannan tsimi ake samun iska, shi ya sa mai cin wake yake jin motsi. Ana kuma samun wasu sinadarai masu tsami guda uku. Ɗaya shi ne irin tsamin da ke cikin khal. Wanda ya fi damunmu a nan sunansa butiret, domin shi ne babban abincin fatar da ta shimfiɗe cikin babban hanji. Da shi take samun yawancin ƙarfinta, take gyara kanta, take kwantar da kumburi. Harza kuma tana riƙe ruwa, su kansu halittun suna ƙara wa bayan gida auki da laushi, sai ya fita ba tare da kokawa ba.

In aka hana su abinci fa? Wani gwaji da aka yi kan ɓeraye a Jami'ar Michigan ta Amurka, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa in harza ta yanke, wasu daga cikinsu sukan juya su fara cin majinar da ke lulluɓe da bangon hanji, wadda ita ce katangar da ke kare shi. Baƙon da ka hana wa tuwo, ka wayi gari yana cin zanan gidanka.

Abin da aka gani a jikin mutane

Wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi ya fara yayata maganar nan a shekarun 1970. Ya lura cewa cututtukan da suka cika asibitocin Ingila, irin su cushewar ciki, basir da dajin babban hanji, ba kasafai yake ganinsu a ƙauyukan Afirka ba, ya kuma danganta hakan da abincin da ba a tace ba.

A 2010 wasu masu bincike daga Italiya suka gwada bayan gidan yaran wani ƙauye a Burkina Faso mai suna Boulpon, suka kwatanta da na yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen irin namu ne na gida: gero, dawa, wake da ganye. Aka tarar hanjinsu cike da nau'o'in bakteriya masu iya farfasa dusa, waɗanda babu su a cikin yaran Italiya, kuma sinadaran nan masu amfani sun fi yawa a wajensu.

Gwajin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya jagoranta, aka wallafa a 2015. An ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar KwaZulu a Afirka ta Kudu 20, aka yi musu musayar abinci na mako biyu kacal. Na Amurka suka koma cin tuwon masara da wake da ganye, harzar da ta haura giram 50 a rana. Na Afirka suka koma cin nama da soye-soye da farin burodi. Cikin kwana 14 butiret ya ninka fiye da sau biyu a hanjin Amurkawan, ya ragu da rabi a na 'yan Afirkan. Alamomin da likitoci ke dubawa a fatar hanji don auna haɗarin daji su ma suka yi musaya. Kun ga ashe ba jini ba ne, ba kuma launin fata ba. Kwanon da ke gabanka ne.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, mu da muke barin gida neman halal. A 2018 Jami'ar Minnesota ta bibiyi 'yan ƙabilun Hmong da Karen da suka yi ƙaura daga Tailan zuwa Amurka. Cikin watannin farko da isarsu, nau'o'in bakteriyar da suka zo da su daga gida suka fara raguwa, musamman masu narkar da harza. Gwargwadon daɗewar mutum, gwargwadon asarar, kuma 'ya'yan da aka haifa a can sun fi iyayensu rashi. Bafatake yakan ƙirga abin da ya bari a gida: gona, dangi, kabarin iyaye. Ashe akwai wata dukiyar da ke zubewa a hanya ba mu sani ba.

Daga turmi zuwa tukunya

Wani zai ce, to ai mu ma hatsi muke ci, burodi ba daga alkama yake ba? Nan ne gizo yake saƙar. Ba sunan hatsin kaɗai ke aiki ba, abin da aka yi masa kafin ya iso baki shi ke yanke hukuncin ko baƙin hanji za su samu rabo. Kuma ba kowace sarrafawa ce ke cutarwa ba. Wata tana kwashewa, wata tana ƙarawa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, surfe. Ƙwayar hatsi tana da riga, wato dusa, tana da ɗan ido inda tsiro ke fitowa, sai farin cikin da yake kusan duk sitaci ne. Yawancin harza a rigar take. Garin alkamar da aka niƙa da komai nasa yana da harza kusan giram 11 a kowane giram 100. Farar fulawar da ake burodi da ita ba ta kai giram 3 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce baligi yana buƙatar aƙalla giram 25 a rana. In da farin burodi kaɗai za ka nemi wannan, sai ka ci kusan kilo guda. Haka abin yake ga dawa. Surfen turmi na iyayenmu yakan bar wani abu a jikin ƙwayar, amma injin surfe yana fige ta tas har ta yi fari sol. Mu kuma mun ɗauki farin tuwo da farar kisra a matsayin alamar iya girki da wadata. Amarya ta tuƙa tuwo ja, a ce ba ta iya surfe ba.

Na biyu, laushin niƙa. Ko da ba a cire dusa ba, garin da ya yi laushi kamar hoda yakan narke da wuri tun a sama, suga ya hau jini da sauri, abin da zai isa ƙasa ya ragu. Tsaki da ɓarzajjen hatsi kuwa suna tafiya a hankali, tsiminsu ya ɗauki lokaci, har ya kai can ƙarshen hanji inda cututtuka suka fi kama mutum. Shi ya sa dambu, fate, burabusko da balila, wato dafaffen hatsi ko wake da ake ci da ƙwayarsa, suke da wani matsayi da gari ba shi da shi. Wake ma haka ne. In aka dafa shi da ƙwayarsa, sitacinsa yana kulle cikin 'yan ɗakuna masu bango, wani kaso ya tsallake har babban hanji. In aka surfe shi aka markaɗa don ƙosai ko alala, an cire riga, an kuma rushe ɗakunan. Ban ce a daina ƙosai ba. Na ce kada ya kore dafaffen wake daga gida.

A nan dole in yaba wa ful. Kwanon ful mai giram 200 zai ba ka harza wajen giram 10. A ganina shi ne ya daɗe yana rufa wa hanjin mutanen Hartum asiri. Matsalar ƙanin maigidana ita ce bosh yake ci, ruwan ful da tulin burodi, ƙwayar waken kuwa sai ka ƙirga ta da yatsa.

Na uku, tsimi, kuma a nan Sudan ba ta da na biyu. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Hartum ya wallafa littafi guda a 1993 a kan abincin da mutanen ƙasar nan ke tsimawa, daga kisra da abre da hulu-mur har zuwa kawal, wanda ba komai ba ne illa ganyen tafasa da mutanen Darfur ke tsimawa a tulu a binne a ƙasa. Mai yin kisra takan kwaɓa garin dawa, ta zuba ɗan tsohon ƙullu, ta bar shi ya kwana, da safe ta shafa shi a kan saj da gargariba. A wannan daren ƙananan halittun cikin ƙullu suna yi mana aiki. Suna rage wani sinadari da ke cikin dusa mai suna faitet, wanda ke ƙulle ƙarfen jini da zinki ya hana jiki ɗauka. Suna rage ɗacin jar dawa. Suna kuma sassauta dusar, yadda na cikin hanji za su same ta da sauƙi. Wato kakanninmu sun gano yadda za a ci dawa da rigarta ba tare da ta yi nauyi ba. Kuma sun daɗe da ita: a kusa da Kasala aka tono shaidar noman dawa da ta kai wajen shekara 5,000.

Sai dai a fahimci wani abu. Zafin saj da na tukunya yana kashe halittun da ke cikin ƙullu. Amfanin kisra da koko yana cikin gyaran da aka yi wa hatsin, ba wai kana haɗiye su da rai ba. Masu rai suna cikin nono, kindirmo da rob. Don haka fura da nono, ko godogodon da matanmu suka shahara da shi a garuruwan Sudan, haɗi ne mai hikima: ga geron da zai ciyar, ga masu cin. A 2021 Jami'ar Stanford ta gwada mutum 36 na mako goma. Waɗanda aka ƙara wa abinci mai tsami irin su kindirmo, nau'o'in bakteriyar hanjinsu sun ƙaru. Waɗanda aka ƙara wa harza kaɗai, a wannan ɗan lokacin nau'o'in ba su ƙaru ba. Darasin shi ne wanda ya daɗe da korar baƙinsa, ba rana ɗaya za su dawo ba, kuma haɗa biyun ya fi.

Na huɗu, dafuwa da hucewa. In aka dafa sitaci ya huce, wani kaso nasa yakan sake ɗaurewa ya yi tauri yadda ƙaramin hanji ba ya iya narkar da shi. Sai ya wuce ƙasa ya zama kamar harza, kuma yana cikin abubuwan da suka fi samar da butiret. Ko an sake ɗumama shi, ba duka yake warwarewa ba. Kun gane inda na nufa: ɗumame. Tuwon jiya da yaranmu na birni ke yatsina fuska a kansa suna cewa a ba su burodi, ashe yana ɗauke da abin da sabon tuwo ba shi da shi. Haka asidar da ta kwana, haka dankali da rogon da suka huce.

Na biyar, tacewa. Garin kuka na cikin ƙwallo, wanda ake kira gongoles a nan, kusan rabinsa harza ce. In kin jiƙa shi kika tace da rariya mai ɗan faɗin ido ya fito da kauri, kin samu. In kika tace da ƙyalle har ya zama ruwa tsararo, kika cika suga, kin zubar da maganin kin sha zaƙin. Haka mangwaro, gwaba da lemo: wanda aka ci da baki daban, wanda aka matse aka zubar da tuƙar daban. Lemon kwalba da garin lemon leda kuwa ba su da harza ko ta ƙwayar zarra.

Yadda burodi ya ci gari

Ba na son a ɗauka ina zargin kowa. A da, alkama abincin mutanen arewacin Sudan ce, wajen Dongola, masu gurasa. Sauran ƙasar dawa da gero ne, feterita da dabar daga Gadarif da Jazira. Da birni ya cika, gwamnati ta daɗe tana tallafa wa fulawar da akasarinta daga waje ake shigo da ita ta Bur Sudan, burodi ya zama shi ne mafi arha kuma mafi sauƙi. Kisra tana son gawayi, tana son lokaci, tana son bayan mace ya jure zama gaban wuta. Burodi kuwa yaro za ka aika. Har ya kai ga cewa da farashinsa ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a Atbara cikin Disamban 2018, zanga-zangar da ta biyo baya ba ta tsaya ba sai da mulkin Umar al-Bashir ya faɗi a Afrilun 2019.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma ya koya mana wani darasin. Lokacin da gidajen burodi suka rufe, abin da ya riƙe rayukan mutane a unguwanni shi ne tukwanen takaya: adas, ful, balila. Abincin da ake yi wa kallon na talaka shi ya tsaya mana. Yanzu da ake sake buɗe kasuwanni, kowace uwargida tana sake tsara kicin ɗinta daga tushe, wata ma daga tukunya ɗaya. Tunda sabon gini ake yi, gara a sa tubalin daidai.

A yi hattara

Kada wani ya karanta wannan ya je ya auno dusa ya dama ya sha. Hanjin da ya shekara yana cin fari, in ka yi masa lodin wake da dusa rana ɗaya, kumburi da iska za su hana ka zaman shago. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako uku zuwa huɗu, a kuma sha ruwa sosai, musamman a zafin garin nan. Harza ba ruwa, cushewa take ƙarawa. Kuma akwai masu musran na gaske waɗanda wake da albasa ke tayar musu da ciwo, abincin wani gubar wani. Irin waɗannan su fara da yauƙi, kamar miyar kuɓewa busasshiya da ake kira weka, da miyar kuka, su lura da abin da cikinsu ya karɓa.

In za a niƙa dawa ko gero ba surfe, a tsince, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau. A zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna, don gubarta ba ta mutuwa da dafuwa, kuma hanta take ci. Hatsin da ya daɗe a rufaffen shago tun lokacin yaƙi, a duba shi da kyau.

Ɗumame yana da sharaɗi. Ga zafi, ga ɗaukewar wuta. Tuwon da ya kwana a rufe shi, da safe a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje. In ya canja wari ko ya fara yauƙi, a haƙura. Shinkafa ta fi saurin lalacewa, in babu firji kada a bar ta ta kwana. Ruwan jiƙa gongoles, tsamiya da zoɓo ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa magani, ba mu manta da kwalarar da ta ratsa Hartum da Omdurman a 2025 ba. Madara kuma a tafasa ta kafin a ɗaura nono, saboda zazzaɓin da ake kira maltiyya.

Yara ƙanana cikinsu ƙarami ne, kada a cika shi da dusa su rasa wurin abin gina jiki. Wanda ake yayewa a ba shi kokon da aka tsima, a sa gyaɗa ko madara. Daga shekara 2 zuwa 5 giram 15 ya isa, daga 6 zuwa 9 kuma giram 21.

Wanda kuwa ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko yanayin zagawarsa ya canja ya ƙi komawa daidai har makonni, musamman in ya haura shekara 45, wannan ba maganar kuka da kuɓewa ba ce. Ya je asibiti, kada ya ce basir ne ya zauna.

Abin da muka yi a gidanmu

Ba wani abu mai tsada muka yi ba. Na ce wa mai inji ya daina surfe mini dawa duka, rabi a surfa, rabi a niƙa da rigarta, in haɗa. Tuwon ya ɗan yi duhu, yara suka yi ƙorafi kwana biyu suka manta. Kisra ta dawo sau uku a mako, in ban samu yi ba in saya wajen maƙwabciyata. Balila ta shigo ranar Litinin da Alhamis, ga masu azumi ga marasa azumi. Miyar kuka, kuɓewa, zogale ko rama ba ta yankewa. A maimakon biskit, ina saya wa yara goruba, magarya, dabino da gyaɗa.

Shi kuma mai shago, Inna ta kafa masa doka uku. In ya je wajen mai ful ya ce a zuba masa wake, ba ruwansa kaɗai ba, ya rage burodi ɗaya. Ya ajiye jarkar ruwa a gefen kayansa. Da dare ya biyo gida ya ci tuwo, agashe ya zama na ranar Juma'a.

Makon farko ya zo yana mita, wai cikinsa ya zama gidan makaɗa. Inna ta ce ya yi haƙuri, baƙi ne ke gyara ɗaki. A mako na uku na lura ya daina shafa ciki. Ban ce ya warke sarai ba, don ran da ya koma wa taliyar leda da lemon kwalba yakan ji a jikinsa, amma yanzu ya san dalili. Jiya da zai tafi ya tsaya a gindin dalbejiya ya daɗe yana kallon akuyar, sannan ya juyo ya ce mini, "Yaya, gobe a rage mata dusar nan. Ta ci rabonta, saura namu."

'Yan uwa na Jidda, Kwatano, Libreville, Alƙahira da duk inda neman abinci ya kai ku, ku duba kwanon da ke gabanku yau. In babu dawa akwai alkamar da ba a tace ba, in babu wake akwai adas, kuma garin kuka da kuɓewa ba su da nauyi a jaka. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.